Yadda Ake Zaɓen Inshorar Ƙaramin Kasuwanci Ta Hannun Wakili Mai Zaman Kansa

Sau da yawa mai ƙaramar sana'ar da inshora ta ba shi kunya, ba gudu kamfani ya yi da kuɗinsa ba. An biya shi, amma rabin asararsa ko ƙasa da haka, kuma in aka buɗe takardar yarjejeniya aka karanta, sai a tarar kamfanin yana kan gaskiyarsa. Ɓarnar tun ranar cike fom aka yi ta, lokacin da aka tambaye shi ƙimar kayansa ya faɗi adadi da ka. Saboda haka a kan wannan gaɓar za mu fi daɗewa. Amma kafin nan sai ka san da wa kake magana.

Tantance wakilin tukuna

Masu sayar da inshora ba iri ɗaya ba ne. Akwai wakilin kamfani guda, wanda abin da kamfaninsa ke da shi kaɗai zai nuna maka. Akwai wakili mai zaman kansa, wanda ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni da dama, yana iya kai bayananka wurinsu ya dawo maka da tayi daban-daban. Akwai kuma dillali, wanda a dokar ƙasashe da yawa kai yake wakilta, ba kamfani ba. Amfanin mai zaman kansa shi ne zaɓi. Sai dai kada ka manta kamfanin da ka saya a wurinsa ne ke biyansa la'ada, wani kaso daga kuɗin da ka biya, kuma kason ba ɗaya ba ne a kowane kamfani. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take, amma ya kamata ka sani.

A zaman farko ka nemi lambar lasisinsa, ka duba ta da kanka a wurin hukumar da ke kula da harkar inshora a ƙasarka. Ka tambaye shi sunayen kamfanonin da yake aiki da su, ba yawansu kawai ba. Wanda ya ce yana da ashirin amma biyu ne ke karɓar irin sana'arka, to biyu gare shi. Ka tambaya ko yana da abokan hulɗa masu sana'a irin taka, ko akwai wani kuɗin aiki da zai caje ka ban da la'adarsa, da kuma wanda zai ɗauki waya ranar da aka yi asara. Wakilin da ya faɗa maka farashi bai zo ya ga wurinka ba, bai tambayi me kake ajiyewa a sito ba, ka sallame shi.

Wani abu da sababbi ke yi da sunan wayo: su raba aikin wa wakilai uku lokaci guda don su yi gasa. Kamfanoni da yawa wakilin da ya fara kai sunanka kawai suke sauraro, su rufe wa sauran ƙofa. Ƙarshe wakilin da ya fi ƙwarewa ya iske wanda bai san aikin ba ya riga ya tare masa hanya da bayanai marasa kan gado. In dole sai ka gwada biyu, ka raba musu kamfanonin a rubuce, kowa ya san inda zai je. Ɗaya nagari ya isa.

Abin da za ka riƙa a hannu

Lissafin cinikin shekarar da ta wuce da hasashen mai zuwa, jimillar albashi da yawan ma'aikata, jerin kayan aiki da rasidinsu, ƙidayar haja ta baya-bayan nan, takardun motocin aiki da sunayen direbobi, da tarihin asarar da ka taɓa neman diyyarta cikin shekaru 3 zuwa 5, wanda tsohon kamfanin inshorarka zai ba ka in ka nema. Ka haɗa da yarjejeniyar hayar wurin da duk wata kwangila ko takardar bashin banki, domin a cikinsu ake ɓoye sharaɗin irin inshorar da dole ka yi da mafi ƙarancin adadinta. Mutane kan sayi inshora su gama, sannan mai gida ya ce ba ta cika sharaɗinsa ba.

Adadin da za ka sa wa dukiyarka

Ga inda ake faɗuwa. Kuɗin da za ka riƙa biya duk shekara ya dogara ne da adadin da ka rubuta, don haka zuciya takan raya wa mutum ya rage. Tunanin shi ne, ai da wuya wuta ta cinye komai, bari in sa abin da nake ganin zai iya ƙonewa. Kamfanoni sun san wannan tunanin tun da daɗewa, shi ya sa yawancin takardun inshorar dukiya ke ɗauke da sharaɗin biya gwargwado: in ka yi wa kaso kaza na dukiyarka inshora, kaso kaza na kowace asara za a biya ka, komai ƙanƙantarta.

Mu yi lissafi, da kowane irin kuɗi kake ciniki. Hajarka da kayan aikinka sun kai 10,000,000, ka rubuta 6,000,000. Gobara ta ci kayan 3,000,000. Kai a ganinka tunda uku ba ta kai shida ba, cif za a biya ka. Mai ƙiyasta asara zai zo ya ƙirga abin da ya ƙone da abin da ya tsira, ya ga dukiyar ta goma ce, ya ce shida bisa goma ka saya. Shida bisa goma na 3,000,000 shi ne 1,800,000. Daga nan a cire kason da aka yi yarjejeniya kai za ka ɗauka a kowace asara, a ce 100,000. Ka tashi da 1,700,000 a asarar miliyan uku. A wasu takardun, musamman irin na Amurka, sharaɗin kan ce ka rufe aƙalla kashi 80 ko 90 cikin ɗari na ƙimar. Da na kashi 80 ne, abin da ake bukata 8,000,000 ke nan, sai a biya ka shida bisa takwas, wato 2,250,000 kafin a cire kasonka. Da sauƙi-sauƙi, amma har yanzu da giɓi. Ka sa wakili ya nuna maka wannan sharaɗin da yatsa a cikin takarda, ya yi maka lissafin da alƙalumanka.

To yaya ake fitar da adadi na gaskiya? Kowane kaya da ma'auninsa.

Gini, in naka ne, ba kuɗin da za a saye shi a kasuwa ake rubutawa ba. Kuɗin sake gina shi daga tushe a farashin yau ake nema, haɗe da kwashe ɓaraguzai da ladan masu zane da injiniyoyi. Fili ba ya ƙonewa, kada ka sa kuɗinsa. In ginin babba ne, biyan ƙwararren mai ƙiyasi sau ɗaya ya fi zato araha. In haya kake, gyare-gyaren da ka yi da kuɗinka, kamar kantoci, silin, wayoyin lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, galibi ba sa cikin inshorar mai gida. Naka ne, ka sa su.

Kayan aiki kuwa, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: sabo za a saya maka, ko za a cire ragin tsufa? Injin da aka ƙiyasta zai yi shekara 10, ya yi 5 sannan ya ƙone, a tsari na biyu kusan rabin kuɗin sabo za ka karɓa, kuma ba a sayar da rabin inji. Ka ɗauki tsarin maye da sabo ko da ya ɗan fi tsada. Amma in ka ɗauke shi, adadin da za ka rubuta shi ma farashin sabo ne na yau, ba abin da ke kan rasidin shekara biyar ba, ba kuma ƙimar da akanta ya rage a littafi ba. Nan ma sharaɗin biya gwargwado yana jiran wanda ya kwafo daga littafin akanta.

Haja ana ƙimanta ta da kuɗin saye, ba na sayarwa ba. Kuma ba matsakaicin shekara za ka duba ba, lokacin da sito ya fi cika za ka duba, don wuta ba ta duba kalanda. In hajarka kan ninka na wata biyu ko uku a shekara, ka nemi sharaɗin ƙarin adadi na wannan lokacin maimakon ka biya kuɗin adadi mafi girma shekara ɗungurungum. Kayan mutane da ke hannunka, na gyara ko na ajiya, sai an ambace su daban.

Sai asarar da ba a gani da ido, wato tsayawar ciniki. Inshorar dukiya za ta mayar maka da kaya, amma ba ta biyan haya da albashi da ribar watannin da ƙofa ke rufe. Wannan inshora ce daban, kuma ba ta aiki sai in abin da ya tsayar da kai ɓarna ce da inshorar dukiyar ta amince da ita. Abin lura a nan shi ne tsawon lokacin da za a riƙa biyanka. Wata 12 aka saba rubutawa. Ka ƙirga da kanka: binciken asara, izinin gini, ginin kansa, odar inji daga waje, sannan jiran abokan cinikin da suka koma wani wuri su dawo. Ga duk mai inji ko gini na musamman, wata 18 ko 24 ne daidai. Kuma ma'anar riba a wannan takarda ba lallai ta zo ɗaya da ta akantanka ba, don haka ka haɗa shi da wakilin su cike wannan shafin tare.

Sauran nau'o'in

Inshorar alhaki, wadda ke biya in wani ya ji rauni a wurinka ko aikinka ya lalata masa dukiya, ba a barin ta. In kana sarrafa abin da mutane ke ci ko amfani da shi, ka tabbata ta haɗa da cutarwar da kayanka suka jawo bayan sun bar hannunka. Inshorar raunin ma'aikata da ta mota doka ce ke tilasta su a ƙasashe da yawa, kuma inshorar motarka ta gida takan ƙi biya in hatsarin ya faru kana dakon kayan sayarwa. Mai ba da shawara ko aikin ƙwarewa yana bukatar ta kuskuren sana'a. Satar ma'aikaci, kuɗi a hanyar banki, kaya a kan hanya, kutsen kwamfuta, kowanne da nasa. Kamfanoni kan ɗaure na dukiya da na alhaki da na tsayawar ciniki a ƙunshi ɗaya don ƙananan sana'o'i, kuma yakan fi sauƙin kuɗi. Ka fara da tambayar wannan.

Kwatanta tayin

Tayi uku sun isa, amma dole a gina su kan alƙaluma iri ɗaya, in ba haka ba kwatancen banza ne. Farashi shi ne abu na ƙarshe da za ka kalla. Araha ba ta ado, kuma a inshora tayi mai araha galibi wani abu aka cire masa.

Fara da shafin abubuwan da aka keɓe. Wata takardar haɗurran da ta lissafa kawai take biya, wata kuma tana biyan komai ban da abin da ta keɓe; ta biyun ta fi. Ambaliya da girgizar ƙasa sau da yawa a waje suke sai an saye su daban. Sata a takardu da yawa sai da alamar fasa ƙofa ko shiga da ƙarfi. Ka duba ƙananan iyakokin da ke cikin babbar iyaka, domin takardar miliyan goma tana iya cewa tsabar kuɗi ko kayan lantarki ba za su wuce wani ɗan adadi ba. A ta alhaki, galibi iyaka biyu ce: ta kowane hatsari, da ta jimillar shekara. Ka kuma tambaya ko tana bin ranar da abin ya faru ne ko ranar da aka kawo ƙara. In ta ranar ƙara ce, kada ka bari ta yanke ko ka sauya kamfani ba tare da an riƙe maka ranar farawa ta asali ba, in ba haka ba ayyukanka na baya sun zama marasa kariya.

Sannan sharuɗɗan da aka ɗora maka: na'urar kashe gobara mai aiki, ƙararrawar ɓarayi a kunne duk dare, ɗaga haja daga ƙasa, kada wuri ya zauna ba kowa fiye da kwana 30 ko 60. Wanda ka san ba za ka iya kiyayewa ba, ka faɗa yanzu a sauya shi. In kana son rage kuɗi, ƙara kason da kai za ka ɗauka zuwa abin da aljihunka zai iya fitarwa a yini ɗaya, kada ka taɓa adadin dukiya. Ƙarfin kamfanin ma abin dubawa ne. Masu auna ƙarfin kamfanoni irin su AM Best suna ba da maki, kuma wakili ya san na kowane kamfanin da yake hulɗa da shi.

Sa hannu da abin da ke biyo baya

Fom ɗin, ko wakili ne ya cike, kai za ka karanta ka sa hannu, kuma kai ke da alhakin abin da ke ciki. Tsohuwar gobara, sinadarin da kake ajiyewa, wani da ke kwana a shago, faɗi duka, don ɓoye abu mai muhimmanci na iya rushe yarjejeniyar gaba ɗaya. Ka biya ta hanyar da ke barin shaida, ka karɓi takardar wucin gadi mai ɗauke da rana da sa'ar da kariya ta fara. Maganar baki cewa an gama ba kariya ba ce. Cikakkiyar takarda in ta iso, ka gwada ta da tayin layi-layi, musamman sunan kasuwancin da adireshi.

Ka sanar da wakili duk lokacin da ka sayi inji, ka buɗe reshe, ko ka shiga sabon layin sana'a. Ka fara maganar sabuntawa kwana 60 kafin wa'adi, da sababbin alƙaluma. In asara ta faru, kira a ranar, ɗauki hotuna, kada ka zubar da abin da ya lalace kafin mai ƙiyasi ya gani, kada kuma ka amsa laifi ga kowa. Kwafin rasidai da ƙidayar haja da takardar inshorar kanta, ka ajiye su a wani wuri daban da shagon, ko a intanet.