Yadda mai fatsa zai gane ko doka ta yarda da ƙoton roba ko ƙwaron ɗauri

Yawancin masu kamun kifi da fatsa da ke faɗawa hannun jami'an kula da ruwa ba su fita da niyyar karya doka ba. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya ga allo a bakin kogi an rubuta cewa ƙoton da aka ƙera kaɗai aka yarda da shi, sai ya ɗauka tunda tanar da ke aljihunsa ta roba ce, ai ya cika sharaɗi. A wurare da dama bai cika ba, domin kowace hukuma tana da ma'anar da ta ba kalmomin, kuma da wannan ma'anar ake cin tara.

Saboda haka matakin farko shi ne ka nemi littafin dokokin kamun kifi na shekarar da ake ciki, na jiha ko yankin da za ka shiga, ka fara karatu daga shafin da ke fassara kalmomi kafin ka duba sunan kogin. Jihar Mizuri ta Amurka misali ce mai kyau, don ta raba abin da ake saƙalawa a ƙugiya gida huɗu. Akwai ƙwaron ɗauri, wato gashin tsuntsu ko zare ko makamancinsu da aka ɗaure ko aka manna a kan ƙugiya mai baki ɗaya. Akwai ƙoton da aka ƙera da ƙarfe ko itace ko roba mai tauri. Sai roba mai laushi marar ƙanshi, irin su tana da tsutsa da ƙwan kifi na roba, wadda dokar ta ware ta ita kaɗai. Na huɗu shi ne abincin kifi na ainihi tare da duk wani abu mai ƙanshi ko ɗanɗano. A kogunan jihar da aka fi tsaurara wa kariya saboda turawut, wani kifi na ruwa mai sanyi, gida biyun farko kawai aka halatta, kuma mutum ba ya tafiya da fiye da kifi ɗaya a rana, shi ma sai ya kai inci 18. A jihar Kolorado kuwa, ita ma ta Amurka, roba ko silikon yana cikin ƙoton da aka ƙera muddin ba a sa masa ƙanshi ba. Tanar roba guda ce, amma ta halatta a Kolorado ta haramta a waɗancan kogunan na Mizuri.

Da ka fahimci ma'anar, sai ka zazzage akwatin kayanka a gida ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne ya kamata a daɗe, domin ƙanshi shi ne abin da ya fi ruɗar mutane. Kamfanoni da yawa suna cakuɗa gishiri ko man kifi ko tafarnuwa a cikin robar tun a masana'anta, kuma galibi suna rubuta hakan a jikin leda a matsayin talla. Karanta ledar, sannan ka sansana robar, ka murza ta da yatsa ka ga ko tana da maiƙo. Idan tana da ko ɗaya daga ciki, ɗauke ta a matsayin abincin kifi na ainihi, kada ka kai ta ruwan da aka hana shi. Haka nan, ƙwaron ɗaurin da aka shafa wa man ƙanshi ya fita daga sahun ƙwari a idon dokar Mizuri, komai kyawun ɗaurinsa. Shawarata ita ce mutum ya yi akwati biyu, domin roba mai ƙanshi tana shafa wa abin da ta kwana tare da shi.

Tsananin yana da dalili, kuma ina ganin dalilin ya cancanci a girmama shi. Kifi yakan tofar da ƙarfe ko gashi da zarar ya ji ba abinci ba ne, shi ya sa ƙugiya ke kama shi a leɓe, a cire ta a sake shi lafiya. Abu mai laushi da ɗanɗano kuwa yakan riƙe shi har ya haɗiye, ƙugiyar ta kama shi a maƙogwaro ko a ciki, ko an mayar da shi ruwa sau da yawa ba ya rayuwa. Ban da haka, robar da ta zame daga ƙugiya ba ta narkewa, takan kumbura a ruwa, kuma kifin da ya haɗiye ta yana iya ramewa. Wannan damuwar ce ta sa a 2013 aka gabatar wa majalisar jihar Meyin ta Amurka ƙudurin haramta irin wannan roba baki ɗaya, ko da yake haramcin bai zama doka ba.

Bayan ƙoto, duba ƙugiyar da nauyin da ke nutsar da zaren. A gandun dajin Yelosuton na Amurka an hana tanar roba da duk wani man ƙanshi, an hana dalma, kuma dole ne ƙugiya ta zama marar kunne, wato ɗan tsinin da ke hana ta fita daga bakin kifi. Wadda ke da kunne ana danne shi da filaya har ya kwanta. A Ingila da Wales an hana amfani da dalmar da nauyinta ya kama daga giram 0.06 zuwa giram 28.35 tun 1987, saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta suna mutuwa.

Inda aka rubuta cewa ƙwaron ɗauri kaɗai aka yarda da shi, a ƙara lura, domin wasu hukumomin ba su tsaya ga abin da ke bakin zare ba, har sanda da irin zaren da yadda ake jifa sun ƙayyade, kuma sukan faɗi adadin ƙwarin da za a iya ɗaurawa a zare ɗaya.

A ƙarshe, idan ka isa bakin ruwa, karanta allunan da aka kafa, don kogi ɗaya yana iya kasuwa shiyya shiyya, kowace da dokarta, iyakar kuma sau da yawa gada ce ko madatsar ruwa. Idan akwai wani ƙoto da ka kasa tantance ajinsa, ɗauki hotonsa tare da ledarsa ka aika wa ofishin hukumar kafin ranar tafiya, ka roƙi amsa a rubuce, ka ajiye ta a waya tare da lasisinka. Robar da ta yage kuma ka sa ta a aljihu ka fita da ita, sabuwar da za ka saƙala ka ɗiga mata ɗan gam a wuyan ƙugiya don kada ta zame.