Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa tsohuwar tafireta mai lantarki mai da canza mata bel

Da yawa daga cikin tsofaffin tafiretocin lantarki da ke lalacewa yau ba tsufa ne ke kashe su ba, hannun mai son gyara ne. Mutum ya tsinci IBM ko Smith-Corona a gwanjo, ko ya gaji ta wani kawunsa akawu, sai ɗoki ya kama shi ya jona ta da wuta nan take. Kuskuren farko ke nan. Giris ɗin da ya shekara talatin a cikinta ya riga ya daskare kamar ƙaro, motar lantarkin kuwa ba ruwanta, za ta ja da ƙarfi har wani abu ya karye. Kafin ka jona, buɗe murfin, ka juya fulin, wato ƙafar da bel ke zagayawa a kanta, da hannu a hankali. In ya cije, tsaya. Ka kuma duba farantin bayanta: wadda aka ƙera don Amurka wutar 110 zuwa 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifoma.

Sai batun mai, inda ɓarnar ta fi yawa. An saba ganin duk ƙarfen da ya cije a fesa masa man feshin nan WD-40. Ranar farko komai zai saki, ka ji daɗi. Bayan 'yan watanni mai ruwa-ruwan ya tashi, saura ya haɗu da ƙurar hunturu da garin takarda ya zama danƙo, maɓallan su fi da nauyi. Baƙin man mota ya yi kauri. Man gyaɗa kuwa, wanda wasu ke ɗigawa don shi ne a kusa, yana lalacewa ya yi danƙo ya kama ƙarfe. Gyaran shi ne wanki kafin mai: ɗan buroshi, tsumma da sipirit, a narkar da tsohon giris a goge, a maimaita har ƙarfen ya motsa da kansa. A kiyaye sipirit daga fenti da robar maɓallai. Fetur kuma kada ya kusanci wurin, yana cin roba, ga motar lantarki mai zafi a gefe.

Bayan wanki ne ake sa mai, shi ma man keken ɗinki, ɗigo ɗaya a bakin allura ko tsinke. Amma ba ko'ina ba. A tafireta mai sandunan haruffa, wannan ƙarfen mai tsaga-tsaga kamar mataji da sandunan ke fitowa daga cikinsa ba a sa masa mai sam, a bushe aka yi shi ya yi aiki. IBM Model C ta 1959 da Model D ta 1967 suna da wata doguwar rola ta roba a ƙasa wadda ke juyawa tana harba sandunan. Mai ya taɓa ta, sai haruffa su riƙa fitowa dishi-dishi ko su ƙi tashi.

Selectric, mai ƙwallon haruffa, wadda IBM ya fitar a 1961, ita halinta daban ne, kuma nan masu tsoron mai suke yin nasu kuskuren. Tana son mai da giris sosai. Kamfanin ma ya yi nasa a wancan lokacin, mai lamba 10 da giris lamba 23. Sandar da keken ƙwallon ke zamewa a kanta tana buƙatar mai, wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe da nauyi kuma giris mara kauri. Kada dai a murɗa ƙwallon da ƙarfi, siraran zaren ƙarfen da ke juya shi suna tsinkewa, mayar da su kuwa aiki ne ja.

Bel fa? An fi yin kuskure wajen ɗaure shi tamau, wai kada ya zame. Bel mai tauri yana cinye bushin motar, wato zoben da sandarta ke juyawa a ciki, yana sa ta zafi, wani lokaci ka ji tana gurnani ta kasa tashi. In ya yi sako-sako kuma, bugu ya raunana, keken takarda ya kasa komawa farkon layi. Daidai shi ne ka danna tsakiyarsa da yatsa ya ɗan lotsa. Ana samun haka ta sassauta sukurorin da ke riƙe motar a matsa da ita kaɗan. Mai ko giris ba ya hawa bel, in ya ɗiga a goge fulin tas. Kada kuma a yar da tsohon bel kafin a auna faɗinsa da tsawonsa. In ya tsinke, a zagaya zare a kan fulin biyu a auna tsawonsa. Ƙananan Smith-Corona irin su Electra da Coronet bel biyu gare su, mutane kan canza ɗaya su bar ɗan'uwansa da ya tsattsage. Zoben roba mai daidai girman yakan maye gurbinsu. Na Selectric kuwa mai haƙora ne, dole a ƙirga haƙoran.

In Selectric tana wani ƙwanƙwasa a jere ko da ba a buga komai, kada ka yi saurin ɗora wa bel laifi. Sau da yawa fulin roba na tsakiya ne ya tsage, ciwon da aka san ta da shi. Ciro shi sai an zare sandar da yake kai, don haka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka, ka cire filogi daga bango, ka canza bel ɗin a lokaci guda tunda hanyarsu ɗaya.