Yadda ake ƙara kuka, goriba da abincinmu a wasan Luanti

Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024, wasan gini ne na kyauta da ke gudana ko a tsohuwar kwamfuta, shi ya sa nake koyar da yara da shi a nan Sakkwato. Akwai itacen tuffa a cikin Minetest Game, ɗaya daga cikin wasannin da ke gudana a kan Luanti, amma babu kuka ko goriba, sai mu ƙara su da kanmu da Lua, harshen rubuta wa kwamfuta umarni.

Da farko ka buɗe sabuwar folda a cikin mods, foldar da ake ajiye ƙarin da aka yi wa wasan (wato mod), ka sa mata suna, misali itatuwa. A ciki za ka ajiye mod.conf, inda za ka rubuta cewa aikinka ya dogara da default, wato babban mod na Minetest Game, sai init.lua inda za ka rubuta umarninka na Lua, sai foldar textures ta hotuna. Sunaye ba sa karɓar ƙugiya, don haka ɗorawa za ta zama itatuwa:dorawa, ka bar ƙugiyar ga bayanin da mai wasa ke gani. Hotunanka su kasance PNG masu faɗin 16 da tsawo 16. Wanda ya wuce haka wahalar da na'urarsa kawai yake yi.

Ka yi rajistar gungume da ganye da register_node, sannan ka gina itacen da hannunka a cikin wasan, ka adana shi da umarnin //mtschemcreate na WorldEdit, wani mod na gyaran gini a cikin wasan. Kuka ba ta yin siriri, kada kaurin gindinta ya gaza tubali 3 ta kowane gefe, ita kuwa goriba dole ta rabu gida biyu a sama, in ba haka ba giginya ka gina.

Matakin da ke kayar da kusan kowa shi ne register_decoration, wato inda ake gaya wa wasan wurin da itacen zai tsiro. Ni kaina na kwana biyu ina yawo a cikin wasa ina neman kukar da na tabbata na rubuta daidai, har wuta ta ɗauke batir ya mutu ban gan ta ba. Dalilin shi ne wasan ba ya taɓa ƙasar da ya riga ya shimfiɗa, sabon itace yana fitowa ne kawai a yankin da ba a taɓa zuwa ba. Saboda haka duk lokacin gwaji ka buɗe sabuwar duniya, kuma ka zaɓi mapgen v7, wato tsarin da ke shimfiɗa ƙasar duniyar, domin v6 ba ya aiki da yankunan da aka yi wa rajista. Bayan haka ka duba place_on, inda ake rubuta irin ƙasar da itacen zai tsiro a kai, da kyau: ƙasar savanna a Minetest Game na yanzu sunanta default:dry_dirt_with_dry_grass, kuma idan ka rubuta ƙasar da babu ita a yankin, wasan ba zai yi maka ƙorafi ba, shiru kawai za ka ji. Lokacin gwaji ka ɗaga fill_ratio, ma'aunin yawan itacen, zuwa 0.05 don itatuwa su cika fili ka gan su nan take, daga baya ka sauke shi sosai, tunda ko a hanyar Illela ba a jere kuka take ba.

Abinci ya fi sauƙi. Ka yi amfani da register_craftitem tare da item_eat, wanda ke sa a iya cin abin. Cikakkiyar lafiyar mai wasa maki 20 ce, tuffa tana mayar da 2, burodi 5, don haka ni 1 nake ba ɗan goriba, 6 ga tuwo da miyar kuka, wanda ake haɗawa da register_craft daga ganyen kuka da hatsi. Kada ka manta da default.register_leafdecay, in ba haka ba ganye zai tsaya a sama bayan an sare gindin.