Yadda ake haɗa baƙin kofi, da lokacin da ya kamata a sa madara

Yawancin masu cewa ba sa iya shan kofi sai da madara, in ka tsaya ka kalli yadda suke haɗawa za ka ga matsalar daga hannunsu take. Ƙanina haka yake yi, ruwa na kan wuta yana ɓararraka zai sauke ya juye kan garin Nescafe cokali biyu a tule, ya kurɓa ya yatsine fuska, sai ya jawo gwangwanin madara ya tsiyaya rabi ya watsa suga ƙwaya biyar, a ƙarshe madara mai zaƙi yake sha ƙamshin kofin ya gudu. Wallahi abin yana min ciwo, ga tsadar madara yanzu.

To ka fara da awo. Garin kofi ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba, shi ne daidai da kofi matsakaici guda. Kar ka sayo na ledar nan 3 in 1 ka ce za ka gwada baƙi, shi an riga an cakuɗa masa suga da garin da ke sa shi fari tun daga kamfani.

Ruwa ne inda kowa ke faɗuwa, dan Allah a nan ka nutsu. In ya tafasa ka sauke ka bar shi minti ɗaya zuwa biyu ya daina huci, don tafasasshen ruwa kai tsaye shi ke fito da ɗacin nan mai kama maƙogwaro kamar ka tauna maganin zazzaɓi. Kafin ya huce ka zuba ruwan sanyi cokali biyu kan garin ka dama har ya narke ya zama baƙi kirin ba gudaji ko ɗaya, sannan ka tsiyayo ruwan zafin a hankali kana juyawa. Za ka ga wani ɗan kumfa mai ruwan ƙasa ya taso a gefe, ƙamshi ya bugo hanci. Kuma buta ko tukunyar da za ka dafa ruwan ta zama ta shayi kawai, in ta taɓa miya kofin sai ya kwashi warin daddawa. Ragowar ruwan filas na jiya ma bai yi ba, ya riga ya yi sanyi salaf.

Yanzu kurɓa shi haka nan, kafin suga kafin komai. In har yanzu akwai ɗaci ka sa gishiri ɗan mitsitsi, abin da yatsu biyu za su tsinto ma ka rage, yana danne ɗacin. Ni citta nake ƙarawa kamar yadda mutanen Sudan ke yi wa jabana, wato kofinsu na gargajiya, wani lokaci da kanumfari ɗaya.

Sai ka ji ɗanɗanonsa sannan maganar madara ta taso. Ta gwangwani cokali biyu ta isa, launin ya koma kamar ƙasa ba fari ba. In ta gari ce ka dama ta daban da ruwan ɗumi tukun, in ka barbaɗa ta kai tsaye za ta dunƙule ta yi ta yawo a sama. Lemon tsami da madara kuwa ba sa haɗuwa, tsinkewa take nan take.

Abu ɗaya, madara ba ta rage kafeyin, sinadarin da ke hana barci, ko kaɗan, ɗaci kawai take rufewa, don haka baƙi ne ko da madara ne in la'asar ta wuce ka haƙura in kana son barci. Mai olsa kar ya sha cikinsa babu komai, mai juna biyu kuma kofi ɗaya a rana ta tsaya nan.