Yadda za ka gyara ɗakin atisaye don kiɗa ya fito tsaf

Kafin ka sayi komai, tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka kasa kunne. In ka ji wani zir-zir ya biyo bayan tafin, to sauti ne ke kai-komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Maganin wannan ba wuya: labule mai kauri a bango ɗaya, kafet a ƙasa, ko kantar littattafai da za ta warwatsa amon.

Inda aikin yake shi ne kakkauran sauti, irin na babbar ganga da jitar bes. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka ɗakin da tsawonsa ya kai mita 4 yakan kumbura amon da ke wajen Hertz 43 (wato kaɗawa 43 a daƙiƙa ɗaya), dab da na tsirkiya mafi kauri a jitar bes. Shi ya sa mai kaɗa ta yake jin wani sautin ya cika ɗaki fam, na kusa da shi kuma ya ɓace. A kusurwoyi wannan gurnanin yake taruwa, to nan za ka fara zuba kuɗinka. Sami ulun dutse irin wanda ake cusawa cikin bango, mai kaurin santimita 10 ko fiye, ka sa shi a firam na katako, ka lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa, ka gitta shi a kusurwa da sarari a bayansa. In kana da zaɓi, guji ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne.

Don Allah ka rabu da manna kwalin ƙwai a bango. Ba ya tsinana komai, ga shi wuta na kama shi nan take. Siririn soso ma sautuka masu kaifi kawai yake sha, ya bar maka gurnanin.

Kada kuma ka lulluɓe bango duka. Ni a wurina ɗakin da aka kashe wa amo ɗungurungum ya fi mai amsa-kuwwa gajiyar da mawaƙi, domin ba ya jin muryarsa tana dawo masa, sai ya yi ta matsa maƙogwaro. Rataya labule ko firam ɗaya, ka yi waƙa, ka saurara, sannan ka ƙara.

Hana ƙara isa wurin maƙwabta kuwa wani aiki ne daban, soso ba ya yin sa. Nauyi yake so da toshe kafa: ƙofa mai nauyi, roba a kewayenta, da like tsagar da ke ƙarƙashinta, amma ka bar wa ɗakin hanyar shan iska.