Yadda Za Ka Gano Matsala In Fitilar Batir Ta Ƙi Mutuwa Bayan Ka Canza Altaneta

An saka sabuwar altaneta, an tada mota, amma jar fitilar batir ɗin nan tana nan a dashbod? Kada ka yi saurin cewa jabu aka sayar maka. Sau da yawa altanetar lafiyarta ƙalau, hanyar da wutar ke bi ce ta samu matsala. Nemo mitar auna wutar lantarki, wato multimita, tukunna, don aikin nan ba a yin sa da ido kawai.

Fara da batir mota a kashe. Saita mitar a DC, jar waya a kan fositif, baƙa a kan negatif. Batir mai lafiya zai nuna volt 12.4 zuwa 12.6. In ka ga 12 ko ƙasa da haka toh kai shi caji tukun, domin mataccen batir yana rikita duk wani awo da za ka yi daga baya, kuma yana wahalar da sabuwar altaneta. Ka duba kawunan batir ɗin ma, in akwai farin garin nan ko kan yana juyawa in ka murɗa da hannu, goge ka ɗaure.

Yanzu tada injin ka sake aunawa. Ya kamata ka ga wajen 13.5 zuwa 14.7. In ya haura 15 regileta, wato abin da ke daidaita wutar da altaneta ke bayarwa, ita ce ke cika caji, ita ma tana kunna fitilar. In kuma yana nan a 12 bai motsa ba, caji baya isowa batir, kuma nan ne aikin yake.

Je bayan altanetar, akwai wata babbar waya da aka ɗaure da noti, auna wutar a nan injin yana aiki, amma ka kula da hannunka da rigarka saboda fambel. In nan ya nuna 14 ko fiye amma batir yana 12, ka ga altaneta tana aikinta kenan, tsakaninsu ne aka samu yankewa. Mafi yawanci babban fiyus ne, mai amfiya 80 zuwa 150, kuma yadda yake ƙonewa shi ne wanda ya yi aikin bai cire kan batir ba sai sifana ta taɓa wayar da jikin injin, tartsatsi ɗaya shikenan ya tafi, mutum ma bai lura ba. In fiyus ɗin lafiya, kunna fitilu da na'urar sanyaya mota ka sa mitar tsakanin notin nan da fositif ɗin batir, in ya wuce 0.5 wayar ta ci ko ba a ɗaure ta sosai ba. Haka za ka gwada tsakanin jikin altaneta da negatif, don wayar da ke haɗa injin da bodi ana yawan mantawa da ita.

Fambel kuma kallo ɗaya ya isa, in ya yi sako-sako ko yana ƙara in ka taka totur, a ɗaure ko a duba tenshina, wato abin da ke riƙe shi ya yi tauri.

Sai ƙaramin soket ɗin da ke jikin altanetar. Cire shi ka leƙa ciki, ko wani fil ya lanƙwashe ko bai shiga ya yi ƙas ba. Ta nan wayar fitilar take bi, shi ya sa in ta goge tana taɓa bodi fitila za ta ci gaba da ci ko da caji yana tafiya daidai. A sababbin motoci kuwa birenbos, wato kwamfutar motar, shi ne ke ba altaneta umarni ta wannan soket ɗin, don haka in aka saka wadda lambarta ba ta dace da motar ba, ko da ta zauna daram soket ya shiga, ba za su fahimci juna ba. Kwatanta lambar tsohuwar da ta sabuwar, sannan a sa na'urar sikanin a karanta kod a goge.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kada ka yarda a cire kan batir injin yana aiki wai don a gwada caji. Tsohon yayi ne, a motar yanzu yana iya ƙona maka birenbos.

In duk waɗannan lafiya amma bayan altaneta bai wuce 12 ba, ko ka juya mita daga DC zuwa AC ka ga sama da 0.5 a kan batir wanda ke nuna diyod, wato abin da ke mayar da wutar altaneta DC, ya lalace, toh yanzu kam laifinta ne. Cire ta ka mayar wa wanda ya sayar maka tare da rasit ɗinka.