Kowace waya ta ci gwaji, dami ya faɗi: kurakuran da muke yi wajen gwada kutsen sigina a wayoyin haɗa kwamfutoci

A wani ofis ne a Victoria Island da ke Legas, hawa na huɗu. Mun ja wayoyin sadarwa, na taje su a kan tire kamar kitson amarya, na ɗaure su tamau da igiyar roba mai haƙori. Kowace waya mun gwada ta ita kaɗai, ta wuce lafiya. Da aka kunna suwic, wato na'urar da wayoyin ke haɗuwa a jikinta, mai gudun gigabit 10, sai layuka suka riƙa yankewa suna dawowa. Maigidana, wanda ya koya mini aikin nan a Agege, ya ɗaga silin ya haska tocila, ya ce, "Yaro, wannan kyan da ka yi shi ne ciwon."

Sigina ce ke tsallakawa daga wata waya zuwa maƙwabciyarta, abin da muke kira kutse. Kutsen da ke tsakanin tagwayen zare huɗu na cikin waya guda, suwic yana iya share shi, domin ya san abin da ya aika. Wanda ya shigo daga wata wayar kuwa baƙo ne, bai san kamanninsa ba, balle ya cire shi. Tun da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.3an a 2006, wadda ta ɗora gigabit 10 a kan wayar tagulla, wannan baƙon kutse ya zama abin da dole a auna.

Kuskuren da na fi gani shi ne dogaro da ƙaramar tasta mai fitilu takwas, irin wadda ke ko'ina a Computer Village da ke Ikeja. Ita dai ta ce maka zare na ɗaya ya isa rami na ɗaya, shi ke nan. Har babbar na'ura irin Fluke DSX, gwajinta na yau da kullum waya ɗaya yake dubawa. Gwajin baƙon kutse daban yake: ka zaɓi waya guda da za a saurara, ka riƙa tura sigina ta maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya, manhajar ta tara jimillar ta ba ka PSANEXT da PSAACRF, wato ma'aunan baƙon kutse guda biyu. A ɗakin gwaji na masana'anta, waya shida ake kewaye ɗaya da su, domin nan ne kutsen ya fi muni. Aikin yana cin lokaci, na sani. Amma ya fi a kira ka bayan wata biyu an riga an rufe silin.

Sai zaɓen wayar da za a saurara. Da yawanmu ta bakin dami muke ɗauka, don ita ce hannu ke kaiwa. Ba ita ke shan wahala ba. Nemi mafi tsawo, wadda siginarta ta raunana kafin ta isa, da wadda ke tsakiyar dami, da waɗanda ramukansu ke jere kafaɗa da kafaɗa a allon haɗa wayoyi, domin kutse yana yawa a wurin.

Batun tajewa shi ya fi yi mini zafi, don mai ba da aiki yana son ya ga tsaf. Wayoyi biyu da suka yi tafiyar mita da yawa manne da juna ba su rabu ba, su ne suka fi jin juna. Bar su su kwanta a tire sakaka, ka rage girman dami, ka ɗaure da Velcro, maɗaurin yadi mai mannewa, yadda yatsa zai iya shiga. Kada kuma ka cusa waya ajin Cat6 cikin damin ajin Cat6A. Cat6 iyakarta megahaz 250, kuma gigabit 10 a kanta ba ya wuce mita 55, yana ma saukowa zuwa 37 inda kutse ya yi yawa. Cat6A ce ke kai megahaz 500 da mita 100 cif.

A bakin soket kada ka warware murɗin zare fiye da milimita 13. Waya mai rigar ƙarfe kuma, in ba a haɗa rigar da ƙasa ba, ba a gama aikinta ba. Kafin ka sayi kwalin waya a kasuwar Alaba, kankare zare ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, kuma babu ƙa'idar TIA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin waɗannan wayoyi, da ta yarda da shi. In hayar na'ura ka yi, duba ranar da aka daidaita ta, shekara-shekara ake yi.

Mu a ofishin nan, yinin Asabar guda muka yi muna yanke igiyoyin roba. Muka raba damin gida huɗu, muka sake gwaji daga wayar tsakiya. Maigida ya miƙo mini na'urar, ya ce ni zan karanta sakamakon.